Takabar Kaltoumi a Bayan Katanga

Tun ranar sadakar ukun marigayi Idrissou na fara zargin wansa. Maza na zaune kan tabarmi ana karatu, mu mata muna gefe muna rabon masa, sai na hango Alhaji Ɗantala ya miƙe kamar mai zuwa alwala. Bai je ba. Ya faro daga bakin rijiya ya nufi katangar titi, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa a hankali, carbi a hannu, leɓe na motsi. Baƙo sai ya ce zikiri yake yi. Ni na san tafiyar mai zikiri, na kuma san ta mai awon fili.

Na zunguri matar da ke kusa da ni na ce ta duba. Ta ce, "Goggo Yelwa, ki ji tsoron Allah. Har a gidan mutuwa?"

Na ci gaba da ƙulla masa.

Gidan na ubansu ne, su biyu rak, kuma ba a taɓa raba shi ba. Alhaji da iyalinsa suna sashe mai bene. Idrissou, da ke jan babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, yana da ɗaki biyu a kusurwar baya, da fili a gabansu har bakin titi. Duk layinmu a nan Zangon Kwatano an san filin nan nasa ne. Nan matarsa Kaltoumi ke shanya, nan take soya wagashi, cukun nonon da take sayarwa. Rijiya tana cikinsa, rariyar da ke fitar da ruwan gidan zuwa kwatar titi ma ta nan ta bi. Gidana kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, in na hau turmina ina ganin komai. Ba don tsegumi na ajiye turmin a wurin ba, wurin ne da inuwa.

Kaltoumi ta shiga takaba. Mu a nan ba ma yi mata riƙon wasa. Mace ba ta taka ƙofar gida, ba ta ɗaga murya, namijin da ba muharraminta ba sai dai ya ji ta daga bayan labule. Ɗiyarta guda ce, Labiba, tana aure can Ladji a bakin ruwa, tana kuma aiki a wani kantin magani. Takan zo da yamma in ta tashi. Sauran yini Kaltoumi ce da carbinta da ni.

Ba a ɗauke rumfar zaman makoki da daɗewa ba sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya juye bulo a ƙofar gida. Alhaji ya zo ƙofar ɗakinta, ya yi sallama, ya juya baya kamar yadda mutanen kirki ke yi. Ya ce masu gaisuwa sun yi yawa, ga yaran shagonsa na shiga da fita ɗibar ruwa, ransa ba ya son idon maza a kan matar ƙanensa. Zai sa a ɗan ja mata katanga, sutura kawai, ta samu ta sha iska ba tare da lulluɓi ba. Kaltoumi ta yi ta godiya daga bayan labule. Da ya tafi har da hawayenta, wai ashe Idrissou bai bar ta a hannun banza ba.

Na ce mata zana biyu da gora huɗu sun isa sutura. Ta ce ni dai ba na ganin alheri a wurin kowa.

Washegari na hau turmi. Magina sun haƙa tushe har gwiwa, suna ɗaure rodi. Ina aka taɓa yin sutura da rodi? Na tambayi babbansu, wani mutumin Agontinkon mai ɗan jin Hausa, ko bene za a ɗora wa mai takaba. Ya yi dariya ya ce shi abin da aka zana masa yake bi. Ashe har zane akwai. Yaushe aka yi zanen, kafin a kai Idrissou ko bayan an dawo? Wannan tambayar har yau ba ta bar ni ba.

Katangar ta tashi dab da ƙofarta. In ta shimfiɗa tabarma a tsakani, gefe ɗaya na taɓa dokin ƙofa, ɗaya na taɓa bulo. Rijiya ta koma can waje, murhun suyarta ma haka. An bar mata wani siririn lungu da ya bi gefen katangata ya fita titi, in mutum biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya koma baya.

Hajiya Munirat, matar Alhaji, ta ce kada facalarta ta damu da ruwa, ita za ta riƙa aikowa. Ta aiko kuwa, da farko har da langar abinci, tana zuwa da kanta. Sai dai na lura in ta shigo bakinta na jaje, idonta na kan rufin ɗaki da tayil ɗin ƙasa, kamar mai tayin gida. Daga baya abincin ya tsaya. Ruwan ma ya koma yau a kawo, gobe a ce 'yar aiki ta manta. Ni na riƙa miƙa mata bokiti ta saman katanga da igiya, da wannan bayan nawa.

Sai yashi. Kamiyo bayan kamiyo, ana juyewa a filin ana daddaɓewa, har ƙasar can waje ta ɗara dokin ƙofarta tudu. Da Labiba ta tambaya, baffan nata ya ce ruwa ke kwanciya a wurin yana tara sauro, lafiyar uwarta yake dubawa. Da aka fara fitar da ɗakuna masu faffaɗar ƙofa suna kallon titi, ta sake tambaya. Ya ce shaguna ne, don marayu yake yi, hayar ce za ta riƙe su. Na ce wane marayu, Labiba mai 'ya'ya biyu da miji? Ko kuwa nasa 'ya'yan yake yi wa tanadin maraici tun yana raye?

Nan ne Kaltoumi ta fara rama. Ba ta ce ta yarda da zargina ba, amma ta daina ce mini ba na ganin alheri. Ta aika wa Malam Hamma, limamin masallacin layinmu, cewa a zo a ga abin da ake yi. Ya aiko da amsa mai daɗi. Ya ce ba a maganar gado a kan ɗanyen kabari, ta bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, ta sake aikawa. Ya ce mai takaba ba ta zama a gaban maza, ta yi haƙuri ta fita, ranar da ta fita shi da dattawa za su zauna su ba kowa haƙƙinsa, ko bulo ɗaya ba zai ɓata ba.

Ba a maganar gado a kan ɗanyen kabari, amma ana zuba kankare a kansa. Ni ban ce Malam ya ci komai ba, Allah ya tsare bakina. Na dai ga sababbin fankoki a masallaci a makon nan, na kuma ji an yi wa Alhaji addu'a da suna bayan sallar Juma'a.

Labiba tun farko ta ce a je tiribinal, wato kotu. Uwar ta rantse ba da yawunta ba. Ta ce ba za a ce ɗiyarta ta ja baffanta gaban alƙali ita tana cikin takabar ubanta ba, da wane ido za ta dubi Zango. Suka yi ta ja, Labiba na kuka, magina na aiki. Abin da ya karya wa Kaltoumi wuya shi ne ranar da aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin lungun, aka rataya kwaɗo, makulli a aljihun Alhaji. Ya ce ɓarayi sun yi yawa a gari, mace ita kaɗai ba a barinta a buɗe. Da safe ya buɗe, bayan magariba ya rufe. Wata rana ya tafi Sèmè da sassafe ya manta, har azahar Labiba na tsaye a titi da kwanon abinci.

Da yammacin ranar Kaltoumi ta ce wa ɗiyarta, "Je ki kira lauyar."

Lauyar mace ce, Metar Chérifa, 'yar Parakou, Hausarta tas. Ta shigo da dogon hijabi kamar mai zuwa gaisuwa, har Hajiya Munirat ta leƙo daga bene ta amsa mata sallama. Ni ina ciki, don an ce in zauna bakin ƙofa in yi tari in wani ya taho.

Ta bayyana mana abin dalla-dalla. Ta ce shari'ar rabon gida doguwa ce, tana cin shekaru. Amma akwai wata gajeruwa da suke kira refere, wadda ake roƙon alƙali ya tsayar da aiki cikin gaggawa kafin a san mai gaskiya. Ta tambayi Kaltoumi ko aurensu an rubuta shi a meri, ofishin magajin gari. Ta ce a'a, a zauren ubanta aka ɗaura shi da goro da shaidu. Metar ta ce to da sunan Labiba za a shigar, ita ce takardar haihuwarta ke ɗauke da sunan marigayi. Kaltoumi ta sunkuyar da kai. Shekarun nan duk da ta yi tana jiran motar mutumin nan ta dawo daga Yamai, ga shi alƙali bai san da ita ba.

Sai Metar ta ce ita a ganinta a haɗa da roƙon a ture katangar da ke ƙofar ɗakin, ba a tsayar da ginin kawai ba. Ta ce ba lallai a samu ba, amma a nema.

Kaltoumi ta girgiza kai. "A'a, 'yata. A tsayar dai. Ba zan sa a rushe dukiyar wan mijina ba. In na fita Malam zai zauna da mu, shi da hannunsa zai cire ta."

"Inna, alƙali abin da aka roƙa yake bayarwa. Ba ya ƙari."

"Shi ɗin ya isa."

Maganar rariya kuwa ba wanda ya tuna da ita a cikinmu, don sama fes take a lokacin.

Kafin a shigar da ƙara sai wisiye ya zo ya gani da idonsa ya rubuta. Shi ne ma'aikacin da kotu ke yarda da ganinsa, shi ke kai saƙonta kuma. Don kada a gan shi, ta gidana ya shigo. Mutum da kwat da takalmi mai sheƙi, na ɗora shi kan turmina yana ɗaukar hoto da waya, ina riƙe da ƙafar wandonsa kada ya faɗo mini a kaskon tuya. Muka rabu a kan ba wanda zai ji.

Ba a jima ba magina suka ninka. Waɗanda ke tashi da la'asar suka koma sai duhu ya hana su ganin igiya. Ranar Juma'a ma ba su huta ba.

To, wa ya kai labari? Nan fa kowa ya zama abin zargi. Na zargi 'yar aikin Munirat da ke daɗewa wajen juye ruwa. Na zargi mai zem ɗin da ya kawo Metar a babur, don na taɓa ganin shi yana shan shayi a shagon Alhaji. Labiba ta zargi mijinta, saboda da motar baffanta yake ɗaukar kayansa daga tashar jirgin ruwa, har suka kwana ba sa magana. Kaltoumi ba ta ambaci kowa ba. Amma da na miƙa mata bokiti ta ɗago ta dube ni, wani irin duba mai tsawo, sannan ta tambaye ni ko na je gidan suna a makon nan. Na ce na je. Ta ce, "Hm." Wannan "hm" ɗin ya fi mari ciwo. Na san an san ni da magana, amma ni nakan zaɓi abin da nake sayarwa.

Sai da Metar ta dawo muka ji. Ta ce ba wanda ya kai tsegumi. Doka ce ta ce dole a sanar da wanda ake ƙara, a gaya masa ranar zama, ya zo ya kare kansa. Wisiyen nan da na riƙe wa wando, shi ya kai masa sammaci har shago ya sa hannu. Ta ce ta faɗa mana tun ranar farko. Wataƙila ta faɗa, cikin Faransancin da takan sirka. Mu dai mun ɗauka alƙali kamar 'yan kwastan yake, sai dai mutum ya gan su a kansa.

Alhaji bai ce da Kaltoumi uffan ba. Labiba ya tare a bakin lungu, a gaban mutane, ya ce shi ya yanka ragon sunanta da hannunsa, yau ita ke kai sunansa gaban arna. Ya ce ya yafe mata, don marainiya ce, zuga ta ake yi. Da ya ce zuga sai ya dubi katangata.

Ranar zama lauyansa ya ce Alhaji na kwance, jininsa ya hau, a ɗaga. Aka ɗaga. A daidai lokacin ina kallon mai hawan jinin a kan tsani, gasasshiyar masara a hannu, yana nuna wa kafinta inda zai buga kwano.

Zama na biyu alƙali ya ba Labiba gaskiya. Ta zo da gudu tana haki, uwa da 'ya suka rungume juna, ni ma na yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa saboda takaba. Wisiye ya zo da takardar, ya karanta wa Alhaji a ƙofar gida: a dakatar da duk wani aiki, a bar wuri yadda yake har a yanke shari'ar gado. A lokacin shaguna sun sha rufi, an kafa musu ƙofofi, an shafe ƙasa da siminti. Fenti kawai ya rage.

Na zaci zai yi faɗa. Ina. Hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya kira magina ya sallame su a gaban jama'a, ya ce shi mai bin doka ne, ubansa ma haka ya rayu. Murmushin da ya yi ne bai kwanta mini ba. Wanda aka kayar ba ya irin wannan murmushi.

Sai damina ta sauka sosai.

Kun san ruwan Kwatano, ba ya sallama. Da hantsi ya fara, kafin azahar titi ya zama rafi. Na yafa buhu na hau turmi. Kwanon shagunan nan gaba ɗaya baya aka karkata shi, duk abin da ya sauka a kai cikin ɗan tsakanin Kaltoumi yake zuba. Rariya tana ƙarƙashin simintin shago, an binne ta. Lungu kuma bakinsa ya fi cikinsa tudu saboda yashi. Ruwa ya rasa hanya sai ɗaki. Na ga takalmanta suna yawo, na ga buta ta bi su. Ita tana tsaye a ciki har ƙwauri, tana kwarfa da kwano tana watsawa, yana dawo mata.

Labiba ba ta samu zuwa ba, Ladji ma a cikin ruwa take. Na ƙwala wa Alhaji kira. Ya fito barandar bene da lema.

Na ce, "Ɗantala, ka sa a huda mata katangar nan ta ƙasa. Matar ƙanenka za ta nutse."

"Iya, da bakina? Alƙali ya ce kada a taɓa ko bulo ɗaya."

"Hujin da ɓera zai wuce nake ce maka."

"Ba ni na kai kaina can ba, Iya. Su suka roƙa a bar wuri yadda yake, aka ba su. In na taɓa, ni za a ɗaure." Ya ɗan leƙo. "In ta ga ba za ta iya ba, ta taho sama wurin Hajiya. Ko ta tafi wurin ɗiyarta, lalura ce, Malam zai ba da fatawa."

Ashe nan aka nufa tun ranar awo.

Kaltoumi ta ji duka. Ta ajiye kwanon ta shiga ɗaki, ta fito da taɓarya. Matar da tun rasuwar mijinta ban ji muryarta ta wuce labule ba, ta tattare zane, ta sami gindin katanga ta dinga duka. Bulon Alhaji dama yashi ya fi siminti yawa a ciki. Ba ta daɗe ba ya faɗa. Ruwa ya bi ta hujin, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofar bayan shago, ya shige ciki inda aka jibge ragowar buhunan siminti.

Ƙasa ba ta bushe ba sai ga nasa wisiyen, wani dogo mai tabarau. Ya ɗauki hoton hujin, ya ɗauki na taɓarya, ya ɗauki na buhuna. Shi bai hau turmin kowa ba, ta ƙofa ya shigo. Washegari aka toshe hujin da kankare. Alhaji ya ce ba aiki ya yi ba, mayar da wuri ya yi yadda alƙali ya bar shi. A masallaci kuma labari ya bazu cewa mai takaba ta karya umarnin da ɗiyarta ta roƙo.

Metar Chérifa ta zo ta ga ɗakin. Ta ce za ta sake shigar da wani roƙon a kan ruwan, amma yanzu su Alhaji ma suna da abin riƙewa, kuma alƙalai sun kusa tafiya hutunsu. Da za ta fita ta riƙe hannun Kaltoumi ta ce abu ɗaya take so ta kiyaye. Kada ta bar ɗakin nan ba kowa. In ta fita aka rufe, mayar da ita wata shari'ar ce sabuwa, kuma za a ce da ƙafarta ta tafi.

Haka ta ƙarasa takabar. Muka ɗora gadonta a kan bulo. Katifa ta yi wari muka jefar, ta koma kan tabarma a bisa katako. Rigunan Idrissou da ta adana a akwati suka yi furfura. Tsakanin yatsun ƙafarta ya tsattsage ya yi fari, Labiba na kawo mata man shafawa daga kanti, ruwa na wankewa. Tari ya kama ta, irin mai hana magana. In hadari ya haɗo sai in ji ta tana jan kwanoni tana ɗorawa sama, tun kafin ɗigo ya sauka. Hajiya Munirat ta aiko sau ɗaya da maganin sauro, da saƙon cewa taurin kai ba ibada ba ne.

Ranar fita ta zo. Mata muka taru tun safe a ɗan wurin nan, wasu a tsaye a lungu don ba wurin zama. Ta yi wanka, aka sa mata lalle, ta ɗaura sabon zane da Labiba ta ɗinka mata. Ya yi mata yawa, sai da aka ninka. Aka yi tuwon sadaka aka kai wa maza a rumfar gaban shaguna.

Malam Hamma ya zo da dattawansa, suka ci, suka yi addu'a mai tsawo. Da suka shafa, Labiba ta durƙusa ta ce, Malam, yau ce ranar da aka ce za a zauna. Ya gyara rawani. Ya ce da an yi haƙuri an bar musu, da yau an gama. Amma tunda an kai magana tiribinal, bakinsu ya fita, ba a shari'a biyu a kan abu ɗaya. Sauran suka ce haka ne. Ɗaya ya tambaya ko akwai sauran miya.

A al'adarmu, ranar da mace ta fita takaba takan zaga gidajen da suka yi mata zaman makoki ta yi bangajiya. Alhaji ya ce ba za ta taka a ƙasa ba da wannan ƙafar, ya ɗauko mata taksi da kuɗinsa, yini guda. Ya ce Labiba ta raka ta, mata duka su raka ta, har ni ya ce in shiga gaba in sha iska. Tunda nake da shi bai taɓa ba ni ko goro ba.

Na riga su fita. Taksi na tsaye, ƙofa a buɗe. Can gefe a inuwar shago ga wani mai walda zaune a kan injinsa, da sandunan ƙarfe a jingine. Na tambaye shi aikin me ya zo, tunda an hana aiki. Ya ce an ce ya jira.

Kaltoumi ta taho a hankali cikin lungun, tana dafa bango, mata na bayanta. Ta iso bakin ƙofar ƙarfen ta tsaya. Rabonta da ganin titi tun ranar da aka fita da mijinta. Ta ƙifta ido saboda haske, ta dubi masu zem suna wucewa, ta dubi shagunan da aka yi a kan wurin shanyarta, don ba ta taɓa ganin gabansu ba. Wannan karon ba ta buƙaci bakina ba. Idonta ya sauka kan mai walda, ya koma kan Alhaji da ke riƙe da ƙofar mota.

"Bismilla, Maman Labiba. Rana na yi."

Ƙafarta ɗaya na kan dokin ƙofa. Ta janye ta.

"Yaya, a sallami mai mota. Labiba, ki zaga ke da su Goggo, ki ce ina gaishe su, na gode. Ki ce ban samu fitowa ba."

Ta juya. Lungun ba ya ɗaukar mutum biyu, sai da matan nan duka suka yi ta ja da baya har ƙofar ɗakinta kafin ta samu hanya.

Mai walda ya jira har la'asar, ya ɗora injinsa a babur ya tafi. Yakan dawo lokaci-lokaci. Ranar da tarin ya tsananta aka ce sai an kai ta asibiti, da shi muka fara yin ido huɗu a bakin titi, sai dai Labiba ta kawo mai allura gida. Shagunan an zuba musu 'yan haya, ba fenti, don fenti aiki ne kuma alƙali ya hana. Ɗaya tayoyi yake sayarwa, ɗaya shinkafa. Shari'ar gado an ɗaga ta zuwa bayan hutu, daga nan aka sake ɗagawa.

Ku da kuka ci tuwon ranar nan, kuna wucewa ta gaban lungun sau biyar a yini kuna zuwa masallaci, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce yaya mai ciki. In an tambaye ku sai ku ce sha'anin gida ne, ko ku ce yana hannun hukuma. An yi bikin jikar ƙanwarta ba ta je ba. An yi rasuwa a gidan da suka fi kowa yi mata zaman makoki, ta aika da gaisuwa ta saman katangata. Lallen da muka sa mata ya goge tuntuni. Takabar da Allah ya ɗora mata wata huɗu ce da kwana goma, ta yi ta ba ta rage ko yini ba. Wadda Ɗantala ya ɗora mata, na tambayi Malam, na tambayi Metar, ba wanda ya san ranar fitarta.